Ranar Aro

A garinmu, Hammerfest, rana kan yi ƙaura tun Nuwamba,
sai ƙarshen Janairu take leƙowa.
Cikin wannan dogon dare aka haife ki, Ingunn,
ƙarfe biyu na rana, taurari reras a sama.

Kwana uku muna murna.
Ran na huɗu Aslaug ta ce, "Zo ka dubi idonta."
Na duba. Farin ya koma ruwan ƙwai,
goshi, karan hanci, har ƙirji,
kamar an shafa miki kurkum da yatsa.
Nono na bakinki, barci ya fi ƙarfinki,
ko kukan ma kin yi mana rowa.

Kakarki ta bugo waya daga tsibiri:
"Shawara ce. A zamaninmu bakin taga ake kai yaro,
rana ta lashe abin."
Na ɗaga labule na yi dariyar da ta fi kuka ciwo.
Wace ranar, Inna?
Dusar ƙanƙara ce kawai,
sai fitilun jiragen kamun kifi a bakin gaɓa.

Nas Berit ba ta da yawan magana.
Ta tsira miki allura a dunduniya, ɗigo uku,
ta dawo da lamba, ta ja layi da biro:
"Nan ne iyaka, ta ɗara kaɗan.
Hantarta sabuwar ma'aikaciya ce,
ba ta gama koyon shara ba.
Za mu ara mata rana."

Aka tuɓe ki, daga ke sai ƙunzugu,
aka rufe idanunki da ɗan ƙyalle mai laushi,
aka kunna.
Shuɗi ya cika ɗakin.
Shekara goma sha tara ina bin teku,
na ga shuɗin asuba, na ga na ƙarƙashin ƙanƙara,
ban taɓa ganin wanda ke aiki irin wannan ba,
shiru, ba zafi, ba ɗaci,
yana farfasa rawayar da ke cikin fata
har jiki ya iya fitar da ita.

Hannuna da ya saba jan koma
ya rasa abin yi.
Na sa shi a aljihu, na fitar, na mayar.
Aslaug tana tatsar nono tana gyangyaɗi.
Duk awa uku a kashe fitila, a ɗaga ƙyalle,
ki sha, mu sace kallonki,
a mayar da ke.

Wa zai ce ƙato kamata
zai tsaya ƙirga ƙunzugu mai kashi
yana washe baki kamar ya cika jirgi da kifi?
Berit ta ce ta nan cutar ke fita.
Na ce to, a yi ta yi, kada a ji kunyar kowa.

Daren farko lambar ta ƙi motsi.
Na fita baranda, sanyi ya mare ni.
Koren hasken nan yana rawa a sararin sama,
wanda baƙi ke biyan kuɗin jirgi su zo kallo.
Ban ba shi minti ɗaya ba.
Nawa hasken yana ciki, an jona shi da bango.

Dare na biyu ta sauka.
Na uku Berit ta danna makunni, ɗakin ya koma fari.
Kika buɗe ido, tas,
kika tsala ihun da ya tashi jaririn maƙwabta.
Aslaug ta fashe da kuka, ni kuma na ce mura ce.

Mun kai ki gida da tsakar rana, cikin duhu.

In Janairu ta zo ƙarshe,
yaran makaranta za su hau tudu su jira ta,
da burodi mai zaƙi a hannu.
Zan naɗe ki cikin rigata mu bi su.
In ta ɓullo bayan dutse, ja, tana jin nauyi,
zan ce, "Ga ta nan, Ingunn, ta ainihin.
Gaishe ta dai, babba ce.
Amma ta makara."